Tuwon Asabe da Ba Mu Ci Ba

Malaz, Riyad

Zuwa ga Ummi, takwarar uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, ya tsare min ke a sama, ya tsare ki a ƙasa, ya sauke ki Kano ke da akwatunanki a jirgi ɗaya, don shi ma ba ƙaramin rabo ba ne. Abbanki yana gaishe ki. Ya ce in rubuta miki ki riƙe salla da karatu. To na rubuta. Saura nawa.

Da gangan na yi miki da Hausa. Da Larabci ne, da kin lashe ta tun kafin a rufe ƙofar jirgi, ki ce "tayyib, Umma," ki ninke ki cusa a jaka. Hausa kuwa sai kin bi ta da yatsa a hankali, ni kuma haka nake so maganar ta shige ki.

Kin ce da kin shiga jami'a za ki nemi ƙungiyar 'yan mata masu aikin taimako, irin tamu da kika taso kina gani. Madalla da ke. Ai duk wanda ya ga ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban makarantar kwana, reshen Riyad, dole ta ba shi sha'awa. Ina aka taɓa ganin mata masu haɗin kai haka? Ranar taro da an cire abaya a bakin ƙofa, atamfa ɗaya, ɗauri ɗaya, har jakunkunan hannu sai ki rantse uwarsu ɗaya. Ga tausayi: mace ta rubuta a guruf cewa kanta na sarawa, kafin ta nemo fanadol amin ta cika mata waya. Ga aikin alheri: tun da aka kafa ƙungiyar babu buhun shinkafar da ya bar hannunmu ba a yi masa hoto ba, don kar ya je lahira ya musa. Ni uwarki kuwa na daɗe a kan shugabanci, kuma ban taɓa yin latti ba sai ranar da na san babu mai kyamara.

Shiga, ban hana ki ba. Ƙungiya tana da ranarta. Lokacin da aka yi min aiki a ciki, matan nan su suka yi ta jigilar kunu asibiti, su suka riƙe ki har na tashi. A ƙasar da ba ki da dangi, wadda kuka sha duka a hannun malama ɗaya ita ce danginki. Sai dai ina so ki shiga da idon da ni ban shiga da shi ba.

Ni da idon kasuwa na shiga. Kin san ni jikar 'yan kasuwar Kwari ce, kuma sakamakon da na fito da shi daga makaranta ko Abbanki ban taɓa nuna masa ba. Da na zo garin nan na tarar da likitoci da nas-nas masu albashi ba su da lokacin zuwa kasuwar Batha neman abaya da turare, sai na ce ga gona ta samu. Ina rungume mace ina "oyoyo 'yar'uwa," hannuna yana auna faɗin kafaɗarta. Kafin wani taron na kawo mata abaya daidai ita, ta yi ta mamakin yadda na san jikinta. Ban cuci kowa ba, kayana masu kyau ne. Amma na saba kallon mata ta fuskar abin da za su iya ɗauka da wanda ba za su iya ba, har ya zama ido ɗaya gare ni. Saboda haka ki tambayi kanki abin da ya kai ki tun kafin ki ɗinka anko. In kasuwa ce, ki sani kasuwa ce, kar ki sa mata sunan zumunci, don wata rana za ki manta wanne ne wanne.

Yanzu ga babbar maganar, wato Anti Asabe. Kina ƙarama suka tafi, ban sani ba ko kina tuna ta: doguwa, mai wushirya, wadda take ɗaure miki kai da kallabinta ki yi ta yawo a falo kina cewa ke Hajiya ce.

A makaranta 'yar ɗakina ce. Ke ba ki yi zaman kwana ba, bari in gaya miki. Babbar ɗaliba takan ɗauki ƙarama ta zama tata. Ƙaramar ta ɗebo mata ruwa ta gyara mata gado, ita kuma ta kare ta daga muguntar manya, ta sam mata gari da sukari da ƙuli-ƙuli daga loka. Haka muke da Asabe. Ni ce mai bayarwa, ita ce mai cewa "na gode, Yaya." Muka girma, muka yi aure, Allah ya sake haɗa mu a Riyad, mijinta Malam Sabi'u yana gyaran injuna a wani kamfani. Tana da 'ya'ya, ina da 'ya'ya, furfura ta fara leƙo mu duka biyun, amma a raina lokar nan ba ta taɓa rufuwa ba, kuma makullin yana wuyana.

Al'adar ƙungiyarmu ita ce taro yana zagayawa gida-gida, kowane wata da mai shi, bayan la'asar ɗin Juma'a. Da farko shayi ne da cincin. Sai Dakta Hauwa ta kawo rago guda a kwance kan shinkafa, irin mandin nan. Wadda ta biyo ta ta ga ba za a bar ta a baya ba, ta kawo biyu. Kafin ki ce me, an kai ga hayar istiraha, gidan shaƙatawa mai wurin ninƙaya, mu da ko a baho tsoron nutsewa muke yi. Babu wadda ta ce gasa ake yi. Kowa dai ta san ana yi.

A tsakiyar wannan ne kamfanin su Malam Sabi'u ya shiga ruɗani. Albashi ya tsaya, kafil ɗinsa, wato uban gidan da takardun zamansa ke hannunsa, yau ya ce gobe, gobe ya ce inshallah. Suka bar gidansu na nan Malaz suka koma ɗaki biyu a Jaradiya, a saman wani shagon wanki, cikin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Ni kaɗai Asabe ta gaya wa. Sauran mata sun ɗauka canjin unguwa ne kawai.

Sai layi ya zo kanta. Ta kira ni a waya, muryarta wasai.

"Yaya Indo, watan nan fa nawa ne."

Na ce, "Na sani, Asabe. Amma kin ga..."

"Babu amma. Ku dai ku zo da yunwarku. Tuwon dawa zan yi muku da miyar kuka da man shanu. Maƙwabciyata ta samo min daddawar Damagaram, in kika ji ƙamshinta sai kin tuna kakarki. Kun ci ragon Larabawa har kun fara kama da shi."

Na yi dariya na ce to, Allah ya kai mu.

Da na ajiye waya sai lissafi ya taso min. Ɗaki biyu. Matakala mai tsayi, ga gwiwar Dakta Hauwa. Ina za a ajiye motoci? Da me za ta sayi kaji? Na ce wa kaina tausayinta nake ji, kuma akwai tausayin. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu: 'yar ɗakina ce, in aka gan ta a tsiya ni aka gani. Ana saura kwana ɗaya na ɗauki waya na rubuta a guruf, ban tambaye ta ba, ban ko sake kiranta ba:

"'Yan'uwa, saboda jarrabawar da 'yar'uwarmu Asabe take ciki, an ɗauke mata nauyin taron wannan wata. Za a yi a gidana. Mu sa ta a addu'a."

Ummi, ki ga amin. Ki ga hotunan hannaye a ɗage. Wata ta tambaya ko rasuwa aka yi, wata ta ba ta amsa cewa a'a, talauci ne, Allah ya kiyaye. Sirrin da matar nan ta rufe da zaninta, ni na yaye shi da yatsa ɗaya, kuma ina jin kaina kamar na gina masallaci. Can sai ga amsarta, gajera: "Na gode, Yaya."

Ba ta zo taron ba. Na ce kunya ce, za ta wuce. Da aka watse na sa aka naɗe ragowar mandi a faranti, na haɗa da galan ɗin mai, na ba direba ya kai mata. Ragowa, Ummi. Ga matar da ta ce mu zo da yunwarmu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san wannan darasin tun ina yarinya a rumfar kakana. Ba a taɓa ce wa mai saye "wannan ya fi ƙarfinki." Ko kin ga takalminta ya tsinke, ki sauko mata da kayan, ki bar ta ta shafa, ta taya, ta ce za ta dawo. Tayin nan shi ne mutuncinta. Na kiyaye wa baƙuwar da ban san sunanta ba wannan haƙƙin, na hana shi ga wadda ta yi shekaru tana ɗebo min ruwan wanka. To ki ji: kafin ki ɗauke wa mutum kaya, tambaye shi ko kaya ne a wurinsa. Wani abin da kike gani nauyi, shi ne kaɗai abin da ya rage masa na tsayuwa a cikin mutane. Kuma duk taimakon da sai an sanar da jama'a dalilinsa, ki tsaya ki sake dubawa, wataƙila ba don mai shi ake yi ba.

Ban gane girman abin ba sai da azumi ya zo. Kin san duk azumi muna raba kwalayen abinci ga matan Nijar masu aikatau a gidaje. A shekarar aka zaɓi Jaradiya, kuma Allah da ikonsa motar ta tsaya a ƙofar shagon wankin nan. Muka shiga zauren gidan, muka buɗe gaban abaya don ankon ya fito a hoto. Wata dattijuwa tana zaune a gindin matakala, Hajiya Mariyama ake ce mata. Na miƙa mata kwali, ba ta kalli kwalin ba, atamfata ta ƙura wa ido.

"Wannan zanen na san shi," in ji ta. "Asabe ta goge irinsa ta rataye a ƙofa. Ashe ku ne baƙin da ba su zo ba."

Na ce, "Hajiya, ai uzuri aka samu."

"Allah sarki. Ni na ba ta aron babbar tukunya, tabarmi kuma na mutanen sama ne. Sai da ta sa maigidanta ya shafe ɗakin da fenti, shi da ke fama da ƙirji. Da ta ji ba ku zuwa ta ce kaji an riga an yanka, ba a mayar musu da rai. Ta tuƙa ta kira mu. Wallahi mun ci tuwonku, Hajiya, ya yi daɗi. Gara ma da ba ku zo ba, da bai ishe mu ba."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba, su labari ne mai daɗi a wurinsu. Daidai nan Sista Kaltume mai riƙe da waya ta ce, "Shugaba, ɗan matso, ki kalli nan." Na matsa, na kalli nan, na yi murmushi. Hoton nan da ke rataye kusa da agogo a falonmu, wanda kike cewa na yi kyau a ciki, shi ne.

Na hau sama da kwali a hannu na tsaya a ƙofar Asabe. Ga takalmanta a waje, ina jin motsin cokali a ciki. Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya: in ajiye kwalin can nesa, in yi sallama, in zauna a ƙasa in ce, "Asabe, na yi wauta, yaushe za ki tuƙa min nawa?" Amma hannuna a cike yake, kuma ban san yadda ake shiga wurin Asabe hannu wofi ba, ban taɓa yi ba. Na jingina kwalin a jikin ƙofar, na sauko, na ce wa mata ba ta nan. Idan kin ɓata wa ƙawa, ki je mata da bakinki kawai. Kyauta a irin wannan ranar toshiyar baki ce, kuma mai hankali yana gane ta tun daga nesa.

Daga nan sai girman kai ya karɓi aiki. Na ce ni ce babba, a makaranta ma babba ba ta zuwa ɗakin ƙanana, aikawa take a kira su. Na zauna ina jiran mace mai 'ya'ya huɗu ta zo kamar an buga ƙararrawa. Ba ta daina gaishe ni ba, ta dai daina zuwa taro. A guruf aka yi ta cigiyarta na ɗan lokaci, sannan aka shiga rigimar kalar ankon salla. Haka ƙungiya take, Ummi: tana jin mai ihu, ba ta jin wadda ta yi shiru. In kin ga wata ta rage magana a cikinku, kar ki rubuta "ina wance?" a gaban kowa. Ki sa takalmi.

A guruf ɗin na ji an buga musu huruj, wato fita ta ƙarshe, ba dawowa. Ko a nan ban je ba. Na sayi ƙatuwar akwati na cika ta na ba Sista Kaltume ta kai. Asabe ta karɓa, ta aiko da godiya. Ba ta taɓa mayar min da kyauta ba. Da ta mayar ko sau ɗaya, da na samu abin faɗa, mu yi rigima mu shirya. Godiyar nan tata ita ta rufe ni ruf. Tun daga lokacin sai gaisuwar salla: "Barka da salla, Yaya." "Allah ya maimaita mana." Shekara da shekaru, kamar masu gaisawa ta kan katanga.

Sai kwanan nan, da labarin karatunki ya bazu, ga saƙon murya daga gare ta. Ta ce, "Yaya Indo, na ji Ummi za ta zo jami'a. Ta sauka wurina a Rijiyar Zaki kafin a ba su ɗaki. Gidan ba wani gida ba ne, amma akwai tuwo."

Na yi ta maimaita shi har wayar ta yi zafi. Kin san abin da uwarki ta fara yi? Batha na tafi. Tukunyar lantarki, barguna, madara, abayoyi, har da na'urar markaɗe. Ina cikin ɗaure kwalin Abbanki ya tsaya a kaina ya ce, "Hajiya, 'yar za ki aika ko agajin gaggawa?" Na zauna a kan kwalin nan na daɗe. Mace ta yi shekaru kafin ta sake buɗe baki ta ce a zo a ci nata, ni kuma na tashi zan sake rufe ta da kaya. Hali zanen dutse. Na kwance igiyar, kayan suna nan a bayan kujera, zan sayar da abuna.

Da na gaya miki maganar sauka wurinta, me kika ce? "Umma, gidan nata akwai mukayyif?" Na'urar sanyi ce damuwarki. Kika ƙara da cewa gidan kawunki a Nasarawa ya fi kusa da komai, kuma kar a ɗora wa baiwar Allah nauyi. Ban yi miki faɗa ba, don muryata na ji ta fito daga bakinki, har da tausayin. A falona kika koye ta.

Ban sani ba ko akwai na'urar sanyi. Wataƙila fanka ce, wataƙila ita ma sai an kawo wuta. Kawunki zai aiko mota filin jirgi, kin girma, ba zan iya juya sitiyari daga Malaz ba. Amma ga roƙona. Ki ce a kai ki Rijiyar Zaki. Ki cire takalmi, ki durƙusa ki gaishe ta da Hausar da kike da ita, in sun yi miki dariya ki taya su. A jakarki ta hannu na sa ledar dabino ɗaya da ƙaramar kwalbar turare. Wannan tsaraba ce, don wanda ya fito Saudiyya hannu rabbana shi ma ya yi rashin kunya. Amma kar ki fito da su sai kin ci abinci kin wanke hannu. Ta fara ba ki tukuna. Kar ki ce kin ƙoshi a jirgi. Kar ki nemi cokali. Kar ki leƙa kicin ki ce "Anti, da ba ki wahalar da kanki ba." Ta wahala, kuma tana so a san ta wahala. Ki cinye, ki miƙa kwano ki ce a ƙara.

Kar ki ba ta haƙuri a madadina, wannan ba kayanki ba ne. Abu ɗaya za ki faɗa mata, bayan kin kwana biyu kun saba: "Umma ta ce tana roƙon daddawa, in an samu mai zuwa." Ki faɗi kalmar roƙo ɗin sosai, kar ki haɗiye ta. Tun muna 'yan mata ban taɓa neman ko allura a wurinta ba. In ta yi dariya har wushiryar ta fito, ki kira ni nan take ki miƙa mata wayar. In ta ce "to" kawai ta ci gaba da abin da take yi, ki bar ta, tana da gaskiya, ni na san abin da na shuka.

Allah ya yi miki albarka, takwarar uwata. Ya haɗa ki da ƙawayen da za su gaya miki gaskiya tun tana da amfani. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin zazzaɓi, da sharrin alherin da ba a yi shawara ba. Ya ba ki abin da kika je nema, ya dawo min da ke lafiya ina raye. Amin.

Ummanki,
Indo

Af, na tuna. Asabe ba ta iya ƙaramar malmala ba, tun a makaranta hannunta babba ne. Ke da kike tsince albasa daga cikin shinkafar kabsa, anya za ki iya tashi da biyu saboda uwarki?